Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu manyan shagunan waya da kwamfuta: a bar teburin karɓar tsabar kuɗi a buɗe

Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya da kwamfuta, da iyayenmu masu manyan shaguna a Kano, Kaduna, Abuja da sauran garuruwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna addu'ar Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Mu da muka rubuto wannan takarda masu sana'ar POS ne, da akantocin shaguna, da masu zama a teburin karɓar kuɗi. Abin da ya sa muka rubuto shi ne sanarwar da wasu shagunan waya da kwamfuta suka fara liƙawa a bakin ƙofa ko a gaban kashiya, cewa ba a karɓar tsabar kuɗi, sai dai kati ko taransifa. Ranku ya daɗe, muna roƙon ku sa baki tun abin bai zama al'adar kasuwa ba.

Ba mu ce masu wannan tsari ba su da hujja ba. Takardar naira 1,000 ita ce mafi girma a hannunmu tun 2005, farashin waya kuwa ya ninka ya sake ninkawa. Wayar naira 450,000 takarda 450 ce idan duk 'yan dubu-dubu ne, idan kuma 'yan ɗari biyar-biyar aka kawo, takarda 900 ke nan. Kwamfutar miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu rafa goma sha biyu ce. Sai an ƙirga, sai an duba jabu, sai an tsare kuɗin daga hannun wanda zuciyarsa ta raya masa, sannan da yamma a nemi wanda zai ɗauka zuwa banki a kan babur yana waige-waige. Duk wannan gaskiya ne. Abin da muke cewa shi ne kowace ɗaya daga cikin matsalolin nan tana da maganinta na musamman, kuma maganin ya fi arha a kan korar mai saye da kuɗinsa a hannu.

A fara duba wanda ake korar. Binciken da EFInA, cibiyar da ke nazarin hulɗar jama'a da cibiyoyin kuɗi, ta fitar na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na baligan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 47, a Arewa maso Gabas kashi 38. Waɗannan mutane ba matalauta ne duka ba. A cikinsu akwai manomin da ya sauke buhunan riɗi a Dawanau aka damƙa masa kuɗi a hannu, da wanda ya sayar da sa a Wudil ko Maigatari, da matar da ta kwashi adashi za ta saya wa ɗanta kwamfutar shiga jami'a. Akwai kuma baƙinmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda ke canza sefa zuwa naira a kasuwar canji ta Wapa a Kano sannan su shigo kasuwa. Da yawansu ba su da BVN, ba su da asusu a bankin Najeriya, kuma sari suke yi. Ga irin waɗannan, sanarwar nan ma'anarta ita ce ba a sayar musu.

Wanda aka ƙi karɓar kuɗinsa, yawanci wurin mai POS yake nufa, kuma nan ne muke son ku tsaya ku duba da kyau. Zai ƙirga wa mai POS kuɗin, mai POS ya tura wa shago daga asusunsa, ya ciri ladansa. Farashin waya ya ƙaru ke nan a kan wanda ya fi kowa ƙarancin hali, ba tare da shago ya ci riba daga ƙarin ba. Tsabar kuɗin ma ba ta bar kasuwa ba. Daga shago mai ƙofar ƙarfe da kyamara da maigadi aka ture ta, ta koma cikin jakar wani yaro da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin titi. Haɗarin fashi da na jabu yana nan yadda yake, wanda ya fi rauni aka ɗora wa. Sannan sunan da zai fito a kan taransifar na mai POS ne. Ranar da wayar ta ba da matsala aka ce za a mayar da kuɗi, shago zai ce asusun da ya turo shi zai mayar wa, mai saye kuma ya shiga neman wani mai POS da wataƙila ya canza wurin zama. Haka yake faruwa da wanda ya roƙi wani a cikin layi ya tura masa, shi ya ba shi tsaba. Risit da sunan wani, alat da sunan wani, garanti ya zama abin jayayya.

Wasu kuwa ko tsayawa ba sa yi, shagon gaba suke shiga. Wanda ya ji an muzanta shi a gaban mutane ba ya dawowa, kuma yakan ba da labari a majalisa da Facebook da TikTok, inda maganar da ke yawo ita ce shagon wane ya fi ƙarfin talaka. Mafi muni shi ne wanda ya koma sayen hannu a bakin titi, ba risit ba garanti, wata rana a bi sawun wayar a same ta a hannunsa, ashe ta sata ce. Gaskiya ne akwai masu saye da yawa, musamman matasa da ma'aikata, da suka fi son kati da taransifa, har suna yaba wa shagon da ba ya ɓata musu lokaci da ƙirga. Su ma ba mu ce a hana su ba. Ba wanda ya ce a ɗauke na'urar POS daga kan tebur.

To amma ko mai asusun banki, ba kullum yake iya biya ta waya ba. Asusu mataki-mataki ne. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, ƙaramin asusu na matakin farko a manhajojin kuɗi ba ya wuce hada-hadar naira 50,000 a rana, kuma ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Mataki na biyu naira 200,000 ne a rana. Mai tura kuɗi da lambobin USSD a ƙaramar waya, iyakarsa naira 100,000 a rana sai in ya je banki ya cike takardar ɗaukar alhaki, kuma abin da ya haura naira 20,000 ana neman ƙarin shaida bayan lambar sirri. Ku lura da wanda abin ya fi shafa: mutumin da ya zo sayen babbar wayarsa ta farko, wanda ba shi da manhajar banki saboda ba shi da wayar da za ta ɗauke ta. An ce masa ya biya naira 250,000 ta hanyar da ba za ta bar shi ya wuce dubu ɗari ba. Kwana uku zai yi yana biya.

Sai kuma cikas ɗin na'ura, wanda duk mai zama a teburin kuɗi ya san shi. Idan aka zura kati, saƙo yakan tashi daga na'urar POS zuwa kamfanin da ke kula da ita, daga nan ya bi ta mahaɗar bankuna ya isa bankin mai kati. Bankin ya cire kuɗin, ya aiko da amsa ta hanyar da saƙon ya bi. Idan amsar ta makale a hanya ko ta yi jinkirin da ya wuce lokacin da na'urar ke jira, sai risit ya fito da cewa ciniki bai yiwu ba, alhali an riga an cire kuɗin mutum. Lambar da ke jikin risit tana faɗin dalili: 00 an amince, 51 kuɗin asusu bai kai ba, 55 lambar sirri ba daidai ba, 61 an haura iyakar da aka yarje wa katin, 91 kuma bankin mai kati ko mahaɗar ba ta amsawa. Lamba 91 da yankewar sadarwa su ne suka fi jawo a cire kuɗi a banza. Tun Yunin 2020 Babban Banki ya ce a warware irin wannan cikin awa 72. A aikace wani lokaci kuɗin kan dawo cikin mintuna, wani lokaci sai an yi ta zarya a banki. A tsawon wannan lokaci mutum ba waya, ba kuɗi, kuma ba zai iya sake biya ba domin abin da ya tara ke nan. Idan daga Gumel ko Funtuwa ya taso, ya yi asarar kuɗin mota da yininsa.

Wannan cikas ɗin yau da kullum ne. Akwai wanda ya fi shi. A Satumban 2021 an rufe layukan waya gaba ɗaya a Zamfara, aka rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna da dama suka tsaya. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da kowa ya koma taransifa dole, mun ga yadda na'urorin bankuna suka kasa ɗaukar nauyin, kuɗi suna maƙalewa kwana da kwanaki. Shagon da ya rataya cinikinsa duka a kan hanya ɗaya, ranar da ta toshe ya rufe ke nan. Ba a haɗa ƙwai duka a kwando ɗaya a hau babur da shi.

Kada kuma a ɗauka taransifa ba ta da nata jabun. Alat na bogi ya ci shaguna da yawa: saƙon tes da aka ƙera, ko hoton risit da aka gyara, yaron shago ya gani ya miƙa kaya. Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Ɗan damfara ya kwashe asusun wani, ya shigo shago ya sayi wayoyi masu tsada da kuɗin, domin waya tana da saurin sayarwa. Idan mai kuɗin ya kai ƙara aka bi sawu, asusun shagon ake toshewa har sai an gama bincike, kaya kuma sun riga sun tafi. Takardar jabu guda ɗaya asarar naira 1,000 ce. Toshe asusu kuwa yana iya tsayar da jarin shago baki ɗaya.

Ta fuskar doka, sashe na 20 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya ce takardun kuɗin da bankin ya fitar halastattun abin biya ne a ƙasar nan, kuma ya tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya ƙi karɓar naira. Mai shago zai iya cewa ai taransifa ma naira ce, lauyoyi kuma za su iya jan wannan magana. A ganinmu bai dace ɗan kasuwa mai mutunci ya gina tsarinsa a kan irin wannan kafa ba. Inda doka ta yi magana ƙarara shi ne a kan kuɗi masu yawa: Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, sai ta hanyar banki. Wannan ita ce iyakar da hukuma ta gindaya. Tsarin rage amfani da tsabar kuɗi da Babban Banki ya fara a Legas a 2012, ya iso Kano a 2013, ragewa ya ce, bai soke takardar naira ba.

An taɓa gwada abin da wasunku ke gwadawa, kuma kamfanin da ya gwada ya fi kowane shago a ƙasar nan ƙarfi. A 2007 Apple ya daina karɓar tsabar kuɗi a cinikin iPhone a shagunansa na Amurka, ya kuma taƙaita biyu ga mutum ɗaya, domin hana masu saye da yawa su sake sayarwa. Da iPad ta fito a 2010 ya maimaita tsarin. A watan Mayun shekarar wata mata mai ƙaramin ƙarfi, wadda ta daɗe tana tara kuɗinta, ta je shagonsu na Palo Alto a jihar Kalifoniya, aka ce sai da kati. Wani gidan talabijin na San Faransisko ya ɗauki labarin, mutane suka yi ca a kan kamfanin. Cikin 'yan kwanaki Ron Johnson, shugaban sashen shagunan Apple a lokacin, ya sanar da cewa an janye dokar, aka kuma kai wa matar iPad kyauta har gida. Abin lura shi ne yadda suka warware: mai tsabar kuɗi zai saya, amma zai buɗe asusun Apple a nan cikin shagon, ta yadda za a san wanda ya sayi nawa. Ashe abin da suke nema shi ne sanin mai saye, kuma ana iya samun hakan ba tare da an mayar da kuɗin kowa ba. Daga baya Amazon ya buɗe shagunan Amazon Go marasa kashiya, shi ma a 2019 ya fara karɓar tsaba. A wannan shekara birnin Filadelfiya da jihar New Jersey da San Faransisko suka kafa dokar hana shaguna ƙin tsabar kuɗi, birnin New York ya bi a 2020. Wannan a ƙasar da gidajen da ba su da asusun banki ba su kai kashi 5 cikin 100 ba a ƙididdigar 2021. Mu da kusan rabin baligan Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da cibiyar kuɗi, ba mu ga yadda tsarin zai zauna lafiya ba.

Ga abin da muke ba da shawara, kuma duk abubuwa ne da shaguna masu tsari suke yi.

A ware tebur ɗaya na tsabar kuɗi, mutum ɗaya ke riƙe da shi a kowane zango, kyamara tana kallon saman teburin kai tsaye. A sa injin ƙirga mai gano jabu da hasken shuɗi da maganaɗisu. Kuɗinsa bai kai na waya ɗaya mai matsakaicin farashi ba, kuma rafa ɗaya ba ta ɗaukarsa fiye da 'yan daƙiƙoƙi. A cire roba, a karkaɗe rafar, a ware takardun da suka jiƙe ko aka liƙe da salatif domin su ne ke sa inji ya tsaya ko ya haɗa biyu, sannan a ƙirga sau biyu a gaban mai kuɗin, karo na biyu a juya rafar. Takardar da inji ya tsaya a kanta a duba ta da hannu: a ɗaga ta a haske a ga hoton ruwa da zaren tsaro, a shafa a ji kaushin rubutu, a gwada lambarta da na maƙwabtanta, domin masu jabu sukan buga lamba ɗaya a takardu da yawa kuma tsakiyar rafa suke cusa su. Kada kuɗin ya bar idon mai shi kafin a gama, yawancin rigima daga nan take tasowa.

Kuɗi kada ya taru a aljihun tebur. A yanka iyaka, misali naira 300,000. Da zarar an haura, a sa a ambulan, kashiya da manaja su sa hannu, a jefa a akwatin ƙarfe mai ramin jefawa wanda makullinsa ba ya hannun kashiya. A kai banki sau biyu a rana maimakon a jira yamma, a riƙa sauya lokaci da hanya da mai kaiwa. Manyan shaguna, ko ƙungiyar kasuwa a haɗe, za su iya yin yarjejeniya da bankinsu ko da kamfanin jigilar kuɗi mai lasisin Babban Banki ya riƙa zuwa ɗauka. Akwai kuma inshorar kuɗin da ke shago da wanda ke kan hanya, da takaful, wato inshorar Musulunci, ga wanda ya fi natsuwa da shi. Kowane ciniki, na tsaba ko na kati, a rubuta lambar IMEI a risit, wato lambar shaidar kowace waya, wadda ke jikin kwali kuma take fitowa idan aka danna *#06#, tare da suna da lambar wayar mai saye. Wannan kaɗai ya toshe satar yaran shago, domin kaya ba ya fita sai da risit, ya kuma nuna mai saye da yawa idan shi ake gudu. Cinikin da ya haura miliyan 5, a haɗa mutum da yaron shago su je banki ya zuba a asusun shago, ya dawo da takardar tela.

Ɓangaren kati da taransifa shi ma yana son gyara. A ajiye na'urar POS biyu daga kamfanoni daban-daban, da layukan waya daban-daban. Kuɗi ya shiga asusun da ke ɗauke da sunan shago, kada ya shiga na yaron shago. Kada a saki kaya da ganin tes ko hoton risit, sai an ga kuɗin a manhajar shago. Idan an cire kuɗin mutum ciniki bai yiwu ba, a ba shi risit ɗin da ya fito, a nuna masa lambar RRN da ke jiki, wato lambar shaidar cinikin, in taransifa ce a sa ya adana doguwar lambar shaida mai lambobi 30, domin da su banki ke bin sawu. A rubuta sunansa a littafi, a ajiye masa kayan a farashin ranar har awa 72. A kuma gaya masa cewa bankinsa zai fara kai wa ƙara, idan mako biyu ya wuce ba a warware ba yana da damar kai wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Ladan da ake cira a cinikin kati, wanda ƙa'idar 2020 ta sa rabin kashi ɗaya cikin 100 ba tare da ya wuce naira 1,000 ba, a kan mai shago yake, bai kamata a ɗora wa mai saye ba.

Wanda duk da haka ya ga ba zai karɓi tsaba ba, mafi ƙarancin adalci shi ne ya faɗa tun a tallarsa da bakin ƙofarsa, da Hausa da Turanci, kafin mutum ya zaɓi kaya a buɗe masa kwali. Ya kuma tanadi wakilin banki a cikin shagon wanda zai karɓi kuɗin ba tare da cajin mai saye ba, risit ya fito da sunan mai sayen.

Muna roƙon shugabanni su sa wannan magana a zaman ƙungiya na gaba, a fitar da matsaya ɗaya a rubuce wadda za a liƙa a kowane layi na kasuwa. Muna kuma roƙon ƙungiyoyin su rubuta wa Babban Banki da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, su nemi bayani a fili kan matsayin shagon da ya ƙi takardar naira a cinikin da bai kai miliyan 5 ba, domin mai shago da mai saye kowa ya san inda ya tsaya.

Allah ya ƙara girma, ya tsare dukiya. Wassalam.

Naku,
Wasu masu sana'ar POS, akantocin shaguna da masu karɓar kuɗi a kanti.